Ollas Elvy Ba Ta Karɓa Sai a Karo na Uku

A ƙauyen Tallheden, can cikin dazuzzukan jihar Dalarna, ba a taɓa miƙa wa Ollas Elvy abu ta karɓa a karon farko ba, ko ruwa ne kuwa, ko da ƙishi zai kashe ta. Haka aka rene ta a gidan Ollas, haka uwarta Ollas Brita ta yi, haka ma kakarta. In aka ce maka ga gahawa, sai ka ce a'a, yanzu ka sha a gida. In aka sake tayi, sai ka ce don Allah kada a wahala saboda kai. Sai a na uku, bayan mai gida ya matsa, za ka miƙa kofi kana cewa rabi kawai, shi kuma ya cika maka har baki. Wanda ya karɓa tun farko mayunwaci ne marar tarbiyya. Wanda kuma ya yi tayi sau ɗaya ya ja bakinsa ya yi shiru, wannan da ma bai yi niyyar bayarwa ba.

Yaran yanzu sun daɗe da watsar da wannan, amma Elvy, mai shekara tamanin da shida, tana riƙe da abarta gam. Marigayi mijinta Sixten, direban motar ɗaukar katako, sau biyu yana neman aurenta tana ce masa a'a, ko gezau bai yi ba, don ɗan gari ne, ya iya ƙirga. Ya je ya wanke motarsa, ya dawo ran Lahadi ya nema karo na uku. Sau ɗaya tak al'adar ta ci amanarta, a bikin 'yar ƙanwarta a wani otal a Stockholm, babban birnin ƙasar. Mai raba abinci ya tsaya kanta da gasasshen nama, ta ce a'a, ya yi gaba abinsa. Haka ta yi wa dankali, haka ta yi wa kek ɗin amarya. Ta wuni da yunwa cikin sabuwar rigarta, ta dawo gida tana faɗa wa kowa cewa mutanen birni ba sa ba baƙo abinci. Ba ta sake taka Stockholm ba.

Tana da shekara bakwai aka fara hawa da ita rugar kan tudu. A zamanin nan, da ƙanƙara ta narke ciyawa ta fito a watan Yuni, sai mata su kora shanu zuwa sama, tafiyar awa huɗu, su bar maza a gida da aikin gona. A can suke zama cikin bukkokin katako har sanyi ya fara shigowa, suna tatsa, suna kaɗa man shanu, suna yin cuku. Babu shinge, babu turke. Da safe a saki shanu su shige daji, da yamma a kira su. Kowane gida da kiransa, kuma shanun kowane gida sun san na uwar ɗakinsu. Kiran Brita shi ne ya yi suna. Yakan fara a ƙasa-ƙasa, ya yi ta hawa har sai ka ji kunnenka na kaɗawa, ya ƙetare tafki ya bugi tudun da ke can gaba ya dawo. Elvy ta koya a gindin uwarta, ta gaje shi tana da shekara goma sha tara, shekarar da ciwon huhu ya ɗauke Brita.

A 1968 aka sayar da shanun ƙarshe, ruga ta mutu. Elvy ta kama aikin girki a makarantar ƙauye, ta yi shekara ashirin da bakwai tana matsa wa yara sau uku-uku har suka ci dafaffen kifin da ba sa so. Rabin magidantan Tallheden na yau, in suka hango ta, har yanzu sai sun gyara tsayuwa.

To, a farkon bazarar bana ƙungiyar adana tarihin ƙauye ta yanke shawarar tura 'yan sa-kai da rikoda gidan duk wanda ya haura shekara saba'in da biyar, a ɗauki labarin rayuwarsa, a tattara a aika babban ɗakin ajiyar tarihi na jiha a ƙarshen watan Agusta. Elvy ta ji zancen a ƙofar coci. Ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, wannan aikin marasa aikin yi ne. Daga nan ta wuce gida ta goge mayafin tebur, ta toya biskit kala bakwai.

Wanda aka turo mata shi ne Staffan Ekdal, tsohon mai haɗa magani a Stockholm, wanda ya yi ritaya ya sayi gidan marigayi maƙeri ya dawo ƙauye neman iska mai kyau. Dogo ne, mai ladabi har ya yi yawa, irin mutumin da yake karanta takardar cikin kwalin magani tun daga sama har ƙasa. An ba 'yan sa-kan horon kwana biyu, kuma cikin duk abin da aka koyar, ƙa'ida ɗaya ce ta zauna masa daram a ka: in tsoho ya ce a'a, to a'a ce, kada ka matsa masa.

Ya zo ran Talata da hantsi, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ajiye rikoda kan tebur tare da takarda mai tambaya talatin.

"Za ka ɗan taɓa wani abu?" in ji Elvy, ta tura masa faranti.

"Kai, na gode ƙwarai!" in ji Staffan. Ya ɗauki burodin kirfa mafi girma ya gatsa.

Elvy ta dube shi, ta dubi hoton Sixten da ke bango, ta haɗiye abin da ya zo mata baki.

Amma da aka shiga hira sai ta saki jiki, don mutumin ya iya sauraro, ba a ƙwace masa wannan ba. Ta ba shi labarin yadda ake wuni ana dafa ruwan cuku har ya yi kauri ya koma ja, da ranar da wata saniya ta kafe a cikin taɓo mata shida suka jawo ta da igiya, da yadda sauro yake cin mutum har ya manta sunansa. Awa biyu suka shige. Sai Staffan ya juya takarda.

"Tambaya ta ashirin da uku. An ce gidanku na da kiran shanu na musamman. Za ki yarda ki yi mana shi mu ɗauka?"

Daɗi ya kama Elvy. Wannan take jira tun ranar coci. Ta gyara zama, ta share ɓurɓushin biskit da gefen hannu.

"Haba, Staffan! Wa zai so jin ihun tsohuwa? Ai ba wani abin kirki ba ne."

"To, ba komai," in ji shi da murmushi, ya ja ɗan layi a takarda. "Tambaya ta ashirin da huɗu. Wane irin takalmi kuke sawa a sama?"

Ba ta san amsar da ta ba shi kan takalmi ba. Bayan ya tafi ta wanke kofunan da ƙarfin da ya sa hannun ɗaya ya ɓalle.

Ta yi sati biyu tana jiran ya dawo hankalinsa. Bai dawo ba. Abin da ya same ta maimakon haka shi ne Matses Gullan, a kantin ƙauye, tsakanin kwalayen madara da buhunan dankali. Gullan shekararta saba'in da tara, ita ce babbar murya a ƙungiyar mawaƙan coci, kuma tun suna 'yan mata ba ta taɓa ganin kujerar gaba ta wuce ta ba.

"Ollas Elvy! Kin ji an ɗauke ni? Kiran rugar Tallheden, da muryata! Za a ajiye shi a jiha har jikokin jikoki."

"Ke? Ke da kika yi sati uku a sama kika gudo gida kina kuka don ɗan maraƙi ya lashe miki kunne?"

"Sati huɗu ne. Kuma bijimi ne."

"Sau nawa Staffan ya tambaye ki?"

"Wa ya tsaya ƙirgawa? Bai ma ƙarasa tambayar ba na miƙe tsaye. Bari ki ji."

Kafin wani ya hana ta, Gullan ta ajiye kwandonta ta buɗe baki a tsakiyar kanti. Yarinyar da ke kan na'urar biya ta toshe kunne ɗaya. Elvy kuwa ta tsaya ƙiƙam, don ta gane abin da take ji. Kiran Brita ne, ko kuma rabinsa, wanda Gullan ta tsinta daga nesa tana yarinya, ta cike guraben da ta manta da karin waƙar coci, ta kuma ɗora masa rawar murya a ƙarshe. Da saniya za ta ji wannan, da sai ta ƙara nutsawa cikin daji.

Elvy ta koma gida ba ta sayi gishirin da ya kai ta ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, kuma ba don sunanta ba. Brita ba ta bar wasiƙa ba, ba ta bar zobe ba, hotonta ɗaya ne a duniya, shi ma ta juya kai lokacin da aka ɗauka. Kiran nan shi kaɗai ya rage nata, kuma a ƙirjin mutum ɗaya yake zaune, mutumin nan kuwa shekararta tamanin da shida. In Agusta ta ƙare a haka, to faci-facin Gullan ne zai shiga ɗakin tarihi da hatimi a kansa, kuma babu wanda zai rage da zai ce ba haka ba ne.

Maganin abin a fili yake, ta ɗaga waya ta ce wa Staffan ya zo ta yarda. Duk wanda ya san Elvy ya san gara ta fita titi da rigar barci. Karɓa a karon farko abin kunya ne, amma ka bi mutum kana roƙo ya yi maka tayi, wannan ko suna ba shi da shi a gidan Ollas. Dole Staffan ya tambaya sau biyu nan gaba, da bakinsa, kuma dole ya zama ba ita ta ce ya tambaya ba.

Da farko ta gwada koya masa ta hanyar misali. Ta gayyace shi shan gahawa, wai ta tuno wasu abubuwa. Ya sha kofi ɗaya, ya rufe bakin kofin da tafin hannu.

"Ƙari?"

"A'a, na gode. Likita ya ce ɗaya a rana."

"Wannan ɗaya ke nan," in ji Elvy, tana kallon tsakiyar idonsa. "Ƙari, Staffan?"

"Da gaske, zuciyata ba ta..."

"Biyu. Ka ga ban yi fushi ba, ban kuma mayar da buta kan murhu ba. Sai in sake tambaya. Ƙari?"

Bawan Allah ya janye hannunsa don kunya, ta cika masa. Haka suka yi har kofi biyar, kowane da tayinsa uku, tana ƙirgawa a fili kamar mai koya wa yaro lissafi. Ta kuma yi ta kewaya zance tana kai shi bakin tafki, tana faɗin yadda masunta a ƙetare suke ajiye taru su saurari uwarta.

"Kai, abin sha'awa!" in ji Staffan. "Da ma a ce an ɗauka. Amma kin riga kin faɗi ra'ayinki, kuma ina girmama shi."

Ya tafi gida ya kwanta da bugun zuciya, matarsa ta kusa kiran motar asibiti. Bai koyi komai ba.

Sai a watan Yuli dabara ta zo mata, kuma daga hannun Staffan ɗin ta fito. Ranar farko ya sa ta sa hannu a wata takarda ya bar mata kwafi, ta jefa a aljihun tebur tare da zare da tsofaffin maɓallai. Tana neman allura ta ci karo da ita, ta ɗauko gilashin karatu ta bi ta layi-layi. A ƙasa an rubuta cewa mai ba da labari yana da damar sa a goge abin da aka ɗauka a duk lokacin da ya ga dama. Elvy ta karanta wurin sau biyu, ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, ta jawo waya.

"Staffan, a goge."

"A goge me, Elvy?"

"Duka. Na yi kuskure. Na ce maka saniyar da ta kafe a taɓo ja ce, ashe baƙa ce."

"Ai wannan ƙaramin abu ne, sai mu gyara wurin kawai."

"Ba na son faci a tarihina. Daga farko za mu sake, tambaya ta ɗaya har ta talatin. Ko takardarku ƙarya take yi?"

Takarda ba ta ƙarya a wurin Staffan. Ya goge, ya dawo, ya zauna awa biyu ya sake jin labarin cuku da sauro. Da aka iso ta ashirin da uku ya karanta ta, tunda tana rubuce.

"Kai, ban sani ba..." in ji Elvy, tana jan maganar, tana murza gefen mayafin tebur. "Kada ka wahalar da na'urarka saboda ni. A'a, bar shi kawai."

Ko kujerun ɗakin sun gane irin wannan a'a ɗin. Staffan ya ja layinsa ya wuce kan takalmi. Wannan karon Elvy ba ta fasa kofi ba. Ta raka shi har bakin mota, ta cusa masa biskit a aljihu, ta dawo tana taku kamar yarinya. Biyu sun shiga hannu.

Ta bari aka kwana biyu don kada abin ya yi kama da shiri, sannan ta sake bugawa. Wannan karon wai agogon bango ya buga a tsakiyar hira, ba ta so mutanen jiha su ce gidan Ollas gidan hayaniya ne. Staffan ya ce to. Ya zo saura kwana biyar a rufe karɓar aiki, ya ɗan rame, riƙe da kwalbar ruwansa ya ajiye ta inda kofi zai zauna. Da kansa ya tsayar da agogon.

Suka bi tambayoyin. Saniya ta kafe a taɓo a karo na uku, ta fito. Ashirin da ɗaya. Ashirin da biyu. Elvy ta miƙe wuya, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Tambaya ta ashirin da huɗu," in ji Staffan. "Wane irin takalmi..."

"Tsaya! Ka tsallake ɗaya."

"Na sani. Sau biyu kina ce mini ba kya so, Elvy. Ba zan sake damunki da ita ba. Haƙƙinki ne."

"Haƙƙina!" Ta ji kamar ta kwaɗa masa faranti. Wata uku na aiki zai tafi a banza saboda ladabin ɗan birni. Ta ja numfashi ta sassauta murya. "Kai da ka yi shekara arba'in kana ƙirga ƙwayar magani, in likita ya rubuta talatin, ashirin da tara kake ba mutum?"

"A'a, ko kusa."

"To takardarka ta ce talatin. Ni ba ruwana da abin da ke ciki, amma ba na son aikin ha'inci a kan teburina. Karanta."

Ya karanta, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman gafara. Elvy ta yi ajiyar zuciya, ta dubi rufin ɗaki, ta bar lokacin da ya dace ya wuce.

"To," in ji ta. "Tunda ka nace haka, ka hana ni sakat tun farkon bazara, ba yadda zan yi da kai."

"Ni? Ni na nace?"

"Kada ka damu, na yafe. Amma ba a kicin ba. Ba a kiran shanu a ƙarƙashin rufi. Ran Asabar da safe ka kawo motarka, sama za mu."

Ran Asabar da ya iso, Matses Gullan na zaune a kujerar baya da kwandon abinci a cinya. Ba wanda ya gayyace ta. Ta ji labari ne daga matar Staffan, ta ce ya kamata a samu wanda ya san abin a wurin. Elvy ta shiga gaba, ba ta ce mata ko sannu ba.

Tafiyar da take cin awa huɗu a ƙafa, mota ta cinye ta cikin minti ashirin da biyar. Bukkokin suna nan, amma mutanen birni sun saye su, sun shafa fenti, sun kafa faifan kama tashoshin talabijin a kan rufi. Inda garken Ollas yake kwana an shimfiɗa katako an jera kujerun shan rana. Dutsen da Brita take hawa ta yi kira ne kawai ba a iya saya ba. Yana nan a bakin gangare, tafki a ƙasansa, tudu a ƙetare. Staffan ya riƙe mata hannu ta hau, ya kunna rikoda, ya ja baya.

Elvy ba ta gwada kiran ba ko sau ɗaya tun 1968. A ina za ta gwada? Ba a yi a cikin gida, kuma mace mai hankali ba ta tsayawa a bayan gida tana kiran shanun da babu. Bai ma taɓa zuwa mata a rai cewa akwai abin gwadawa ba, don kullum tana jin sa a cikin kanta, tsaf, kamar jiya ta yi shi.

Ta kafa ƙafa, ta kai tafin hannu gefen baki, ta cika ƙirji. Farkon ya fito, ƙasa-ƙasa, da ɗan kaushi amma daidai. Ta fara hawa. A inda ya kamata muryar ta tsage ta tashi sama, sai iska kawai ta fito, da wani ɗan ƙara irin na ƙofar da ta rasa mai. Ta yi gyaran murya ta sake. Nan dai ta tsaya. A karo na uku ko rabin hanya ba ta kai ba, tari ya sarƙe ta.

Elvy ta sauke hannunta, ta tsaya tana kallon tafki. Kunya ba ta dame ta ba, tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka binne Sixten. Duk dabarun nan, duk gahawar nan, ashe abin da take gadi ya daɗe da kulle kansa a ciki, ita ma ba ta da mabuɗin.

Gullan ce ta kasa jure shirun, kamar yadda ba ta taɓa jure kowane shiru ba. Ba da mugunta ba kuwa, har idonta ya kawo ruwa.

"Bari in taimaka miki, Elvy. Daga nan ai haka yake tafiya." Ta buɗe baki ta saki nata, da karin cocinsa da rawar muryarsa.

"Ba haka ba ne!" Elvy ta juyo kamar an watsa mata ruwan zafi. "Wa ya ce miki ana karkaɗa murya? Shanu kike kira ko limamin coci kike so ya yaba miki?"

"To yaya ne, tunda ke kika sani?"

"Hau nan. Hau, na ce! Staffan, kama ta kada ta faɗi ta ce ni ce."

A Tallheden sai an roƙi mace sau uku kafin ta nuna abin da ta iya, amma ba a taɓa buƙatar roƙonta ko sau ɗaya kafin ta gyara wa wata kuskure ba. Elvy ta sauka, Gullan ta hau, aka fara. Elvy takan yi gaɓa ɗaya a ƙasa-ƙasa, inda muryarta take iya kaiwa, Gullan ta ɗauka ta kai ta sama.

"Ba daga ciki ba, nan, bayan hanci. Ki matse shi ya yi tsini. Kada ki yi masa kwalliya, jefa shi za ki yi, can ƙetaren ruwa."

"Maƙogwarona zai tsage!"

"Ya tsage mana, shekara sittin yana damun mutane a banza, yau dai ya yi aiki. Sake. Yanzu sunayen shanun, kuma a jere suke, babba kafin ƙarama: Majros, Docka, Krona. A'a! Kin sa Krona gaban Docka, so kike su yi faɗa a hanya?"

"Shanun da suka mutu tun kafin a haifi ɗana ne za su yi faɗa?"

"Sake, na ce. To, nan kuma sai ki yi shiru."

"Shiru na me?"

"Ki jira tudu ya dawo miki da shi kafin ki ɗora. Shiru, Gullan. Rufe baki ake yi. Kin taɓa gwadawa?"

"Da kin amsa wa bawan Allahn nan tun watan Mayu kamar kowa, da ba mu zo nan sauro na cinmu ba!"

"Da ke kuma kin iya cewa a'a ko sau ɗaya a rayuwarki, da ba a kusa aika shirme jiha ba. Sake!"

Staffan na tsaye da rikoda a hannu, sauro ya yi masa layi a wuya, bai ko motsa ba. Ya duba takardarsa bai ga inda aka yi maganar irin wannan ba, sai ya bar na'urar tana ta ɗauka. Wani mai hutu ya leƙo ta taga da kofi a hannu, ya ga tsofaffi biyu suna zagin juna a kan dutse, ya ja labule.

Sun fi awa ɗaya a haka. Gullan ta yi gumi, ta cire hula, ta yi rantsuwa sau biyu cewa ta bari, ba ta kuwa sauka ba. Can, ba tare da wani shiri ba, ta kafa ƙafa ta fara daga farko, Elvy ba ta tare ta ba. Kiran ya tashi daga ƙasa, ya hau, ya tsage, ya miƙe siriri ya ƙetare tafki. Gullan ta rufe baki. Tudu ya dawo da shi.

Elvy ta nemi gefen dutse ta zauna. Tun tana shekara goma sha tara ita ce mai yin kiran, mai yi kuwa ba ya jin sa yadda yake, a cikin ƙashin kansa kawai yake ji. Rabonta da ta tsaya a gefe ta ji shi yana dawowa daga ƙetare tun Brita na da rai. Ta yi kuka sosai, ba ta ɓoye ba, Gullan ta sauko ta zauna kusa da ita ta miƙa mata hankici.

Sai da suka natsa Staffan ya matso da alƙalami.

"Ku yi haƙuri. Akwai gurbin suna a takarda. Wa zan rubuta, ke ko Gullan?"

"Rubuta Ollas Brita," in ji Elvy.

"Ni fa?" in ji Gullan.

"Ke a sa ki a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe. A ce Matses Gullan ta ba da aron maƙogwaro."

"Kin ji ta ko, Staffan? Ko na gode babu!"

Staffan ya rubuta yadda aka faɗa masa, harafi bayan harafi. Ya naɗe wayoyinsa, Gullan ta ɗauki kwandonta tana mita, suka nufi mota. Da suka waiwaya, Elvy na nan zaune inda suka bar ta, ta zuba ido kan bakin daji, daidai wata 'yar hanya da ciyawa ta daɗe da rufewa. Ta san sarai shekarar da ake ciki, ta kuma san wanda ya sayi kowace saniya da ranar da aka tafi da ita.

"Elvy, mu tafi ko?" in ji Staffan.

"Ku ɗan dakata," in ji ta, ba ta juyo ba. "Ba a kira a juya baya nan da nan. Daga nesa suke tahowa."